Ranar da Muka Kai Idon Arzika Birni

Arzika ne ke zura mini zare a allura
in magariba ta kawo jiki, shago ya dushe.
Sau ɗaya yake lasar bakin zaren, sai ya wuce.
Shi ya fara hango jinjirin watan azumin bara,
manya na ta nuna gajimare da yatsa.

Amma buɗe littafinsa na aji huɗu ka gani,
sai ka ce kaji sun kwana suna tono a ciki.
An ce ya rubuta bado, ya rubuta dabo.
Ɗari ta zame masa ɓari.
Fensir yake riƙewa kamar mai shaƙe maciji
har takardar ta huje.

Malama Tumba ta aiko: a kai shi a duba idonsa.
Ni kuwa na riga na duba shi da tsumagiya,
ba sau ɗaya ba.

Kaftani shida na ɗinka, na ware kuɗin tabarau,
na soke bakin aljihu da fil.
Ranar Talata muka bar tashar Jega,
gwiwoyinmu a matse da buhunan albasa
har Birnin Kebbi.

Ɗakin gwaji akwai sanyi.
Allo a bango, haruffa manya a sama,
suna ƙanƙancewa ƙasa kamar zuriyar tururuwa.
Yaron ya yi shiru. Gumi ya tsatso masa a hanci.
Likitar, dattijuwa ce mai furfura a gefen ɗankwali,
ba ta ce komai ba, ta sauya allon
da wani mai zane ɗaya, mai ƙafa uku.
"Ba karatu ba ne. Nuna mini inda ƙafafun suka dosa."
Sama. Hagu. Ƙasa. Hagu.
Ya bi su har layin ƙarshe
wanda ni ban ma san akwai shi ba.
Ta ɗiga masa magani, ta haska fitila,
ta kawo biro a hankali har kan hancinsa.

"Idon nan ya fi nawa," in ji ta.
"Ƙofa a buɗe take.
Can cikin ɗaki ne baƙin ke musayar wurin zama.
Ba lalaci ba ne, ba iska ba ce, ba daƙiƙanci ba.
Gilashi ba ya gyara wannan.
A bi shi harafi harafi, da sautinsa,
ya zana da yatsa a yashi, a ƙara masa lokaci.
A kuma ajiye bulala."
Nan ta dube ni. Na dubi takalmina.

"Kai fa, tela? Tun ɗazu kake tsuke ido."
Na hau kujerar.
A layi na uku komai ya zama hazo.
Kuɗin kaftani shida, a fuskata suka dawo gida.

Abin da ban faɗa mata ba:
na saman ma, da na gani raɗau,
sai da na yi jim kafin na tuna sunansa.
A aji uku na gudu.
Awon mutanen Jega duk a ka nake riƙe da shi,
ana cewa baiwa ce.

Yanzu bayan isha'i ina yanka haruffa da ƙyallen da ya rage,
b da shuɗiyar shadda, d da jan yadi.
Ya shafa, ya faɗa. Ni ma in shafa.
Allura har yau shi nake miƙa wa,
ko da tabarau a hancina.

Jiya ya rubuta ɗari biyar a littafin bashi.
Layin ya gangara kamar hanyar rafi,
amma ƙugiyar na inda ya kamata.
Na karanta.
Ni ma sai da na ɗan jima.